Baba yana kafewa a bakin ƙofa amma yana hawa bene lafiya: da gangan yake yi?

Autar_Baba: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya ce da ni wadda ta hana ni barci. Mahaifinmu tsohon tela ne, shekararsa 68. Shekara huɗu ke nan da likita ya ce cutar Parkinson ce ke damunsa. Hannunsa na dama yana karkarwa in yana zaune, babban yatsa da manuni suna murzar juna kamar mai jan carbi. Wannan mun saba da shi. Abin da ya rikita gidan shi ne kafewa. Sai ya taso daga ɗaki lafiya, yana isa bakin ƙofa ƙafafun su manne da ƙasa, gwiwoyi na rawa, jiki ya yi gaba ƙafa ta ƙi bi. Wani lokaci sai ya yi minti guda a haka. Amma in mun je gidan yayana, matakalar bene yana hawanta tsaf. Makon jiya kuma jikansa mai rarrafe ya nufi tukunyar ruwan zafi, wallahi Baba ya zabura ya sure yaron kafin kowa ya motsa. Tun ranar wasu a gidan ke cewa ashe yana iyawa, so yake a riƙa lallaɓa shi. Gwaggonmu kuma ta dage cewa wani abu aka binne a bakin ƙofar. Baba ya ji duk maganganun nan, yanzu ko hira ba ya son yi. Don Allah wanda ya san abin nan ya yi mini bayani. Yaya mutum zai kasa tsallake dokin ƙofa amma ya iya hawa bene?

Abu_Safwan: Wa alaikumus salam. Sannu da jinya ƙanwata, Allah ya sa kaffara ne. Mahaifiyata haka ta yi shekara bakwai. Ita a wajen juyawa take kafewa, in za ta juya daga bakin randa. Ba da gangan ba ne ko kaɗan. Ku hana masu wannan magana faɗarta a gabansa.

Maman_Khalifa: Ni dai kada a yi saurin watsar da maganar Gwaggo. In cuta ce kawai, me ya sa sai a bakin ƙofa? Cuta ta san ƙofa ne?

Likitan_Jijiya: Autar_Baba, Allah ya ba Baba lafiya. Hajiya Maman_Khalifa, tambayarki ita ce ainihin tambayar da masu bincike suka daɗe suna yi, kuma kafewa a bakin ƙofa ana ganinta a masu wannan cuta a Ingila da Japan da Indiya, duk iri ɗaya: wuri mai ƙunci, lokacin juyawa, lokacin fara taku, ko in mutum ya ji ana jiransa.

Ƙafar Baba lafiyarta ƙalau, ƙarfinta na nan. Matsalar tana can ƙasan ƙwaƙwalwa, inda akwai wasu cibiyoyi masu aika wa juna saƙo a zagaye. Aikinsu shi ne su buɗe wa motsin da kake so hanya, su danne wanda ba ka so. Sinadarin da ke daidaita wannan aiki sunansa dofamin, kuma ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke samar da shi suna wani ɗan wuri mai baƙin launi a saman jijiyar da ta haɗa ƙwaƙwalwa da laka. A cutar Parkinson waɗannan ƙwayoyi ne ke mutuwa sannu a hankali. Kafin karkarwa ta fito fili, kusan rabinsu ko fiye sun riga sun tafi.

A sauƙaƙe, hanyoyi biyu ne: ɗaya kamar totur, ɗaya kamar birki. Dofamin yana ƙara wa totur ƙarfi yana sassauta birki. In ya yi ƙaranci sai birki ya yi nauyi. Kuma ɓangaren da ya fi saurin rasa dofamin shi ne mai kula da motsin da jiki ya haddace, wanda ake yi ba tare da tunani ba: tafiya a fili, kaɗa hannu, ƙifta ido, haɗiyar yawu. Shi ya sa fuskarsu ke zama kamar ba walwala ko da suna cikin farin ciki. To matakala fa? Kowace matakala abu ce da ido ke gani, ƙwaƙwalwa ta ce sa ƙafa nan, sa ƙafa nan. Wannan motsi ne na niyya da ido ke jagoranta, kuma bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne yana bi ta wasu hanyoyin da cutar ba ta ci sosai ba. Zaburar da ya yi don jikansa ma sananniya ce a wajenmu, firgici kan buɗe hanyar na ɗan lokaci. Ba abu ne da zai iya kira duk sanda ya so ba.

Autar_Baba: Likita Allah ya saka da alheri. Hawaye nake ina karantawa. Zan karanta wa yayyena da daddare.

Dan_Kurmi: Likita na ɗan ruɗe. In birki ne ya yi nauyi, ai kamata ya yi mutum ya sandare kawai. To ina karkarwar ta fito? Motar da aka taka wa birki ai ba ta rawa.

Dalibin_Kimiyya: Kafin likita ya dawo bari in ɗan ba da tarihin yadda aka gano zancen birkin, don labarin yana da ban mamaki. James Parkinson ya bayyana cutar a Landan a 1817 daga mutum shida kacal, wasunsu ma a kan titi ya hange su. An yi shekara 140 ba a san sinadarin da ke da hannu a cikinta ba, sai a 1957 Arvid Carlsson na Suwidin ya ba zomaye maganin da ke ƙarar da dofamin, suka kwanta ba motsi, ya yi musu allurar lebodofa, sinadarin da ƙwaƙwalwa ke mayarwa dofamin, suka miƙe. A 1960 Oleh Hornykiewicz a birnin Biyana na Ostiriya ya auna ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu da cutar ya tarar dofamin ɗin ya ƙare a wurin da ake zato. George Cotzias kuma a 1967 ya nuna yadda za a ba mutane lebodofa ta baki ya yi aiki.

Sai 1982 a Kalifoniya, aka kawo wasu matasa asibiti sun sandare kamar itace bayan sun yi wa kansu allurar jabun ƙwayar maye ta hiroyin. Likita William Langston ya gano akwai wata guba a ciki mai suna MPTP, wadda ke zuwa kai-tsaye ta kashe ƙwayoyin dofamin. Musibar waɗannan matasa ita ta ba masu bincike damar haifar da cutar a jikin birai su saurari ƙwaƙwalwarsu da siraran wayoyi. Mahlon DeLong da abokan aikinsa suka tarar wata 'yar cibiya da ba ta kai ƙwayar wake ba, ana kiranta sabtalamus, tana ta aiki fiye da kima. A 1990 suka lalata ta a jikin biran, sai birai suka koma motsi. Takalmin birkin ke nan aka gano.

Likitan_Jijiya: Dalibin_Kimiyya ka kawo shi daidai. Dan_Kurmi kuma ka kama ni, misalin birki da totur bai ɗauke komai ba, kuma karkarwa tana cikin abin da ya kasa bayyanawa. Akwai masu cutar da ba sa karkarwa sam, kuma lebodofa ya fi gyara sanyin motsi da sandarewa fiye da karkarwa. Bincike ya nuna akwai hannun wata hanya daban, wadda ta bi ta ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya.

Abin da aka fahimta daga baya shi ne ba yawan aikin cibiyoyin kaɗai ne matsala ba, har da salon aikin. Ka ɗauki kasuwa: kowa na cinikinsa, hayaniya ce amma saƙo yana isa. To a ce duk 'yan kasuwar sun koma faɗin kalma ɗaya tare, a kan kiɗa ɗaya. Ba wanda zai ji farashin da ake gaya masa. Haka ƙwayoyin ke yi in babu dofamin, su riƙa bugawa tare, sau 13 zuwa 30 a sakan ɗaya. Ana kiran wannan kaɗawar beta. Peter Brown da mutanensa a Ingila sun yi aiki mai yawa a kai: in kaɗawar ta yi ƙarfi motsi ya yi nauyi, in an sha magani ta lafa motsi ya saki.

Nas_Zariya: Ina so in sako wani abu da nake gani a wajen aiki. Ba duk mai karkarwa da sandarewa ne ke da ainihin cutar ba. Magungunan taɓin hankali irin su halofaridol da kulofuromazin, har da maganin amai metokulofuramaid, suna toshe wurin da dofamin ke sauka, su kawo alamomi iri ɗaya. Na ga dattijuwa da aka kawo a kan keken guragu, ashe wata takwas tana shan maganin amai da ake sayo mata a kemis. Likita ya tsayar da shi, bayan 'yan watanni ta dawo da ƙafarta. Duk wanda zai kai mara lafiya, ya zuba duk magungunan da yake sha a leda ya tafi da su. Sannan Artane da ake yawan ba tsofaffi saboda arha, yana rage karkarwa amma yana kawo ruɗewa, mantuwa, bushewar baki da riƙewar fitsari.

Abu_Safwan: Nas, wannan na Artane gaskiya ne. Mahaifiyata ta fara ganin mutane a ɗaki da daddare, muka ɗauka aljanu ne, ashe maganin ne.

Dan_Maradi: Salamu alaikum. Mu nan damuwarmu ba sanin cutar ba ne, samun maganin ne. Lokotoro ya rubuta wa kawuna Sinemet, ƙwayar lebodofa ɗin nan, wata guda a samu, wata biyu babu, in an samu kuma kuɗin ya fi ƙarfinmu. Wani ya ce mana 'ya'yan karara suna maganinta. Kararar nan dai mai ƙaiƙayi da muke gudu a daji. Da gaske ne ko zancen masu tallar magani ne?

Zongo_Kumasi: Dan_Maradi, akwai ƙamshin gaskiya. 'Ya'yan karara suna ɗauke da lebodofa na ainihi, kusan kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari na nauyinsu. Wani likitan Italiya, Roberto Cilia, ya yi aiki da likitocin nan Gana a kan wannan cuta, kuma yana cikin masu gwada garin karara da aka soya saboda ƙasashen da magani ke wuya. Wani binciken da suka yi a Gana aka wallafa a 2014 ya warware wani tsoro da ya daɗe. Da ana cewa a jinkirta fara lebodofa don kada ya jawo murɗe-murɗen jiki da wuri. Da suka kwatanta marasa lafiyar Gana, waɗanda suka yi shekaru ba magani, da na Italiya, sai aka ga daɗewar cutar da yawan abin da ake sha a rana ne ke kawo murɗe-murɗen, ba fara shan da wuri ba.

Likitan_Jijiya: Haka ne, amma don Allah kada kowa ya tafi daji ya ɗebo ya daka wa tsohonsa. Ƙarfin 'ya'yan ya bambanta daga wuri zuwa wuri, kuma babu sinadarin kabidofa da ake haɗawa a ƙwayar asibiti don ya raka maganin har ƙwaƙwalwa, saboda haka amai da jiri sun fi yawa. A yi shi da sanin likita. Dan_Maradi, abin da ya fi tayar mini da hankali a maganarka shi ne yankewar. Tsayar da lebodofa farat ɗaya yana iya kawo zazzaɓi mai zafi da sandarewa mai hatsari ga rai. In kun ga zai ƙare, ku koma wurin lokotoron tun da saura, a tsara yadda za a ja shi.

Manomin_Kadawa: Ni tsoro ne ya kama ni. Na ji an ce maganin feshin ciyawa yana kawo ta. Shekara ashirin ina goya tankin feshi a bayana, yana zuba a rigata.

Dalibin_Kimiyya: Manomin_Kadawa, bincike da dama ya nuna masu yawan hulɗa da magungunan feshi na farakwat da rotinon sun fi shiga haɗarin kamuwa, kuma Tarayyar Turai ta hana farakwat tun 2007. Ba wai duk mai feshi zai kamu ba. Amma safar hannu, takunkumi, da wanke jiki bayan feshi ba abin wasa ba ne, kuma kada a zuba ruwan sha a jarkar da ta ƙare.

Gado ma yana da nasa kaso. A 2023 aka wallafa wani babban bincike da likitocin Najeriya suka yi ruwa suka yi tsaki a ciki, cikinsu har da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas. Sun gano wani sauyi a ƙwayar halitta mai suna GBA1 da ke ƙara haɗarin cutar, wanda ake samu a mutanen da asalinsu Afirka ne, kusan babu shi a Turawa. Shekara da shekaru a kan Turawa ake yin irin wannan bincike, shi ya sa ba a gan shi ba.

Maman_Khalifa: To na ji. Amma ni dai ba zan bar addu'a da tofi ba.

Malam_Na_Zaure: Hajiya, ba wanda ya ce a bari. A yi addu'a, a sha magani, duka biyun neman sauƙi ne daga Allah. Abin da nake jan kunne a kai shi ne zargin sammu, domin daga an ce an binne abu sai a fara neman wanda ya binne, zumunci ya lalace a kan zato. Autar_Baba, ki gaya wa Baba in tsayuwa ta yi wuya ya yi sallarsa a zaune, ladansa na nan. Azumi kuma, mai shan magani sau uku ko huɗu a yini yana da uzuri, ya tambayi likitansa kafin watan ya kama.

Injiniya_Sadauki: Likita, na ga bidiyon wani Bature yana karkarwa sosai, aka danna wani abu a ƙirjinsa nan take ya tsaya cak. Wannan aikin warkewa ne? In haka ne me zai hana a haɗa kuɗi a kai Baban Auta?

Likitan_Jijiya: Injiniya, wannan shi ne dashen waya a ƙwaƙwalwa, kuma kai-tsaye daga binciken biran nan ya fito. Alim-Louis Benabid a garin Grenoble na Faransa ya lura a 1987 cewa in aka aika wuta mai saurin bugawa cikin wata cibiya karkarwa tana tsayawa, ba sai an ƙona wurin ba. A 1993 ya sa wayar a sabtalamus. Shi da DeLong sun raba lambar yabo ta Lasker, ta binciken likitanci, a 2014. Ana zura siririyar waya ta ƙoƙon kai, a binne batir a ƙarƙashin fatar ƙirji, yana bugawa kamar sau 130 a sakan, ya wargaza waccan kaɗawar ta beta. Sabbin na'urorin ma suna sauraron kaɗawar da kansu, su ƙara wuta in ta tashi su rage in ta lafa. Amurka ta amince da irin wannan a 2025.

Amma ba warkewa ba ce, ƙwayoyin suna ci gaba da mutuwa. Ƙa'idar da muke bi ita ce abin da lebodofa ya gyara shi wayar za ta gyara, ban da karkarwa da takan ji waya ko ta ƙi jin magani. Ta fi amfani ga wanda magani ke yi masa aiki amma yana saurin sakinsa, ko yana sa shi murɗe-murɗe. In kafewar Baba tana zuwa ko lokacin da magani ke jikinsa, wayar ba lallai ta taimaka ba, kuma takan ƙara dagula magana. Ga tsada, ga batir da ake canzawa, ga buƙatar ƙwararren da zai riƙa saita ta bayan an dawo gida. Na ga iyalin da suka sayar da gona suka je waje aka yi, suka dawo babu mai saita musu. Kafin a kai nan akwai abubuwa da yawa masu sauƙi da ba a gwada ba.

Mai_Gashin_Kashi: Nan ne wajen aikina. Autar_Baba, ki samo farin salatif mai faɗi ki manna layuka a ƙasa, daga cikin ɗaki har waje, tazarar taku ɗaya tsakaninsu. Kin mayar masa da bakin ƙofa matakala ke nan. In ya kafe kada a ja hannunsa, faɗuwa zai yi. Ya tsaya, ya miƙe, ya karkata nauyinsa dama da hagu, sannan a ƙirga masa ɗaya, biyu, ya ɗaga ƙafa kamar soja. A kwashe tabarmi da takalma daga hanyar. In zai juya ya yi zagaye mai faɗi. A Holan an taɓa nuna wani dattijo a 2010 da ke kafewa bayan 'yan taku kaɗan amma yana tuƙa keke lafiya, dalilin ɗaya ne da na matakalar Baba. Kuma ya riƙa motsa jiki kullum, zaman wuri ɗaya yana ƙara nauyin cutar.

Nas_Zariya: Ƙari a kan haka, a lura da lokacin abinci. Nama, wake, ƙwai da nono suna gogayya da lebodofa wajen shiga jini. A ba shi maganin kamar rabin awa kafin ya ci. A kuma kula da bayan gida, don taurin ciki yana hana maganin aiki.

Autar_Baba: 'Yan'uwa na dawo bayan kwana uku. Mun manna salatif ɗin, layi shida. Ranar farko ya tsaya yana kallonsu, na ce Baba taka na farko. Ya taka, ya taka na biyu, sai ga shi a tsakar gida. Ya juyo ya kalli yayana bai ce komai ba, yayan nawa ne ya sunkuyar da kai. Jiya da yamma dai ya sake kafewa duk da layukan, kuma na lura kusan awa huɗu ke nan da shan maganinsa, ga shi ya ci alala da rana. Gwaggo har yanzu tana kan bakanta, amma da hannunta ta gyara layin da ya ɓanɓare. Likita, in fara rubuta lokutan da yake kafewa ne in kai wa likitansa?

Likitan_Jijiya: Ƙwarai kuwa. Ki rubuta lokacin shan magani, lokacin cin abinci da abin da ya ci, da lokacin kowace kafewa, na mako guda. Kada ku canza yawan maganin da kanku kafin ya gani. Ki tambayi Mama kuma ko yana ihu ko kai duka cikin barci, da ko jiri na ɗibarsa in ya miƙe, ki haɗa a takardar.

Dan_Maradi: Mai_Gashin_Kashi, mu ɗakin kawu ƙasa ce ba siminti, salatif ba zai kama ba. In muka zana layukan da toka ko farar ƙasa zai yi?

Mai_Gashin_Kashi: Zai yi, in dai yana ganinsu sosai. Farar ƙasa ta fi, toka iska na kwashe ta. Kada dai ku jera sanduna ko duwatsu, zai yi tuntuɓe.